Mako na Huɗu a Koyon Suya: Dankalin da Ya Ari Halin Albasa

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon girki. Yau mako huɗu ke nan da na sa kaina koyon suyar dankalin turawa da ta albasar da ake barbaɗawa a kan kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da nama na Saudiyya, kuma a wannan makon ne na yi asarar kilo biyu na dankalin yankin Ha'il na Saudiyya da na sayo a nan Makka.

Laifin nawa ne. Zafin gari ya sa na ji tsoron kada ya tsiro, sai na zuba shi a firji har kwana 12. Ranar Juma'a da na tashi suya, bai daɗe a mai ba ya yi jajawur, gefensa ya soma baƙi, alhali cikinsa bai nuna ba. Surukata ta ɗanɗana guda, ta dube ni ta ce, "'Yata, dankalin Hausa kika soya mana?" Zaƙin da ta ji gaskiya ne.

A kowane giram 100 na ɗanyen dankali akwai sitaci wajen giram 15, sukari kuwa bai cika giram 1 ba. Albasa akasin haka take, domin sukarinta ya kai wajen giram 4, sitacinta kuma kusan babu. Yajin da ke sa mu hawaye shi ne yake rufe zaƙin, sai wuta ta kore shi sannan harshe ya gane. To, idan dankali ya daɗe a sanyin firji, wani kaso na sitacinsa yakan juye ya zama sukari, kuma sukarin nan ne yake saurin ja a cikin mai, kamar yadda albasa take yi idan aka cika mata wuta.

Ban tsaya ga abin da na karanta ba. Na ɗauko aidin ɗin da muke sa wa yara a ciwo, na ɗiga a kan yankan dankali, nan take wurin ya rikiɗe ya yi shuɗi mai duhu kamar an tsoma shi a marina, alamar akwai sitaci ke nan. A kan albasa kuwa launinsa bai sauya ba. Sannan na goge dankali biyu, na tace a ƙyalle, bayan rabin awa sai ga farin garin sitaci kwance a gindin kwano. Ruwan albasa bai bar komai irinsa ba.

Yanzu albasa nakan yanka ta siriri, in soya ta a hankali da ƙaramar wuta, in kwashe tun tana ruwan zuma, saboda takan ƙara ja bayan ta fita daga mai. Dankali kuwa na daina sayensa da yawa, kuma yana cikin kwando a ɗakin da na'urar sanyi take aiki, nesa da haske. Ragowar na firjin na fito da shi zai yi mako guda a waje, ranar Juma'a mai zuwa in soya shi gefe da sabo, in kawo muku abin da na gani.