Kafin in bar sashen zuciya

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, kuma ƙannenmu masu shigowa sun matsa in bar musu wani abu a rubuce. To, ga shi.

Duk wanda ya yi karatun likita a Arewa ya ji sunan Farfesa Eldryd Parry, ko da a takardar jarrabawa ne. Bature ne ɗan yankin Wales, an haife shi a 1930. Ya fara aiki a Ibadan a 1960, daga baya ya tafi Adis Ababa, sannan ya zauna Zariya daga 1969 zuwa 1977 yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan ya kafa tsangayar likitanci ta Ilori, ya wuce Kumasi a Gana, ya rasu a 2022. A Zariya ne ya ga masu jego suna cika gadaje da kumburi da haki, zuciya ta gaza bayan haihuwa. Shi da Neil Davidson suka bi mata 224, suka fitar da sakamakon a 1978. Abin da ya sa aikin ya yi suna shi ne sun nemi sanin me mai jego ke yi a ɗakinta: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi na ƙara wa zuciya aiki. A zamanin, wannan babban gani ne.

Ogan da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya haddace wannan bayani kamar karatun allo, ya kuma mai da shi bulala. Duk mai jegon da aka kwantar, kafin ya ɗora mata abin sauraro ya riga ya yanke hukunci. Akwai wata yarinya, haihuwar fari, ƙafafunta sun kumbura har in ka danna yatsa ramin ba ya komawa, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Mahaifiyarta na zaune a tabarma gefen gado, riƙe da jaririn. A zagayen safe ya tsaya a kanta ya ce, "Iya, ku kuka dafa ta da ruwan zafi, yanzu kun kawo mana mu yi yaya?" Tsohuwar ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba.

Ni na ɗauki tarihin yarinyar. Tiyata aka yi mata aka ciro ɗan saboda jininta ya hau, kuma saboda ɗinkin ba wanda ya kai ta bayan ɗaki da ganyen darbejiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta yi wankan ba." Ya juyo a hankali, a gaban ɗalibai, ya ce, "Likita, ke kin fi Parry sani ne?" Daga ranar aka cire ni daga ɗakin hoton zuciya, takardar bincikena kuma ta yi ta kwana a teburinsa har waɗanda na riga shiga suka wuce ni. Na yafe, amma ba zan ce na manta ba.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba nawa ba ne. Labari ya zaga, tsofaffi suka gane amsar da ake so. Ka tambaya, a ce maka "ai mu mun daina", alhali kunun na cikin fulas a ƙarƙashin gado. Tambayar da Parry ya buɗe, mai rantsuwa da sunansa ya rufe ta.

Ilimin kuwa bai tsaya a 1978 ba. A Kano, Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa sun nuna ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin waɗannan mata. Babban binciken da suka fitar a 2020 ya samu cutar na kaiwa har haihuwa 1 cikin 96 a Arewa maso Yamma, kuma rama, rashin karatu, rashin sana'a da hawan jinin masu ciki ne suka fito fili, wanka da kanwa ba su yi nauyin da ake ba su ba. Ban ce a ci gaba da ɗura wa mai ciwon zuciya kanwa ba, ni ma ina hanawa. Sai dai in na zauna da uwa na ce, "Iya, a rage zafin ruwan, a cire kanwar, kunun a ci gaba da ba ta", tana ji, tana kuma dawo da 'yarta asibiti.

Sauran a taƙaice: ku girmama nas ɗin dare, ita ta san wanda numfashinsa ya canja. Ku rubuta abin da kuka gani a fayil ko da ya saɓa wa na babba, da kwanan wata da sa hannu. Takardar da kuke son a sa wa hannu kuma, kada ku bari sai lokaci ya ƙure, ku ajiye kwafi a gida.