Darasin kwamfuta a kan rairayi

Shekara ta biyu ke nan ina koya wa 'yan ajin CM1, wato aji biyar na firamare, yadda ake tsara wa kwamfuta umarni, a wata lakwal da ke kusa da unguwar Birni a nan Damagaram. Duk abin da muka mallaka a wannan fanni bai wuce kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya ba, wadda ƙanena ya bar mini bayan ya sayi sabuwa. Batirinta ya tsufa har ba ta kai awa guda ba tare da an jona ta ba, ita kuma wutar, musamman a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi kan haura digiri 40, tana zuwa ne sa'ad da ta ga dama. Wannan rashi ne ya tilasta mini fitar da darasin zuwa tsakar lakwal, kuma yanzu ko an ba ni kwamfuta talatin ba zan fasa farawa daga can ba.

Da sanda nake zana gidaje a kan rairayi, shida a tsaye, shida a kwance, in ajiye randar ruwa a gida na ƙarshe, sannan in gaya wa yara cewa daga yanzu ni na'ura ce, ba na jin komai sai kalmomi uku: gaba, dama, hagu. A ranar farko wani yaro ya ce, "Mushe, je ka wurin randa." Ko motsi ban yi ba. Ya sake faɗa da ƙarfi, kamar wanda ke zaton kurumcewa na yi, har wata yarinya ta tuna masa cewa na'urar ba ta san randa ba. Da suka fara gane bakin zaren, sai wani ya rubuta a allonsa "yi ta gaba" bai faɗi sau nawa ba, ni kuwa na yi ta tafiya, na wuce randar, na wuce gidajen, sai da goshina ya taɓa katanga. Ajin ya kece da dariya. Amma da dariyar ta lafa, su da kansu suka koma kan allon suna bin umarnin layi-layi don gano inda aka kuskure, kuma wannan bin diddigi shi ne rabin aikin duk mai rubuta manhaja a duniya.

Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu wanda ya yi aiki da Jean Piaget, masanin yadda tunanin yara ke bunƙasa, a Janeba kafin ya koma jami'ar MIT a Amurka, yana cikin waɗanda suka samar da harshen kwamfuta na Logo a 1967 domin yara, inda ake ba wani kunkurun kwamfuta umarni ya yi tafiya yana zana layi. Yakan shawarci yaron da ya cije ya tashi ya taka zanen da ƙafarsa, ya zama kunkurun da kansa.

Abin da na lura da shi, wanda ya fi damuna a kan komai, shi ne batun harshe. Idan na ce a yi bayanin umarnin da Faransanci, yara uku ko huɗu ne ke ɗaga hannu, sauran su sunkuyar da kai don tsoron kada a yi musu dariya. Idan na sake su da Hausa, sai gardama ta kaure, wannan yana cewa a juya kafin a taka, wancan yana rantsuwa sai an taka tukuna. A wurina gardamar nan ita ce darasin. Yaron da ya iya dara ya riga ya san sharaɗi, domin ya san cewa idan ya jera uku zai ci ɗaya daga na abokin karawarsa, idan bai jera ba sai ya haƙura. Yarinyar da take taya innarta daka ta san maimaitawa har sai gari ya yi laushi. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ban ga dalilin da zai sa a ci gaba da ɗaukar tunanin da yaro ya yi da harshen gidansu kamar ba tunani ba ne. Wasu iyaye sun fi so su ji an koya wa 'ya'yansu buga wasiƙa da danna maɓalli. Ban raina wannan ba, sai dai kowane yaro zai koye shi a wayar yayansa cikin mako guda.

Ranar Alhamis ce muke kunna kwamfutar, rukuni-rukuni, kowane rukuni minti goma. Muna amfani da Scratch, wanda MIT ta fitar a 2007, domin ba ya buƙatar intanet idan an riga an sauke shi, kuma maimakon a rubuta umarni ana haɗa tubala masu launi ne, wata kyanwa da aka zana a kan allon kwamfutar ta bi su. Murabba'i bai ba su wahala ba: a maimaita sau 4, a taka 100, a juya digiri 90. Alwatika ce ta gagara. Sun san daga darasin lissafi cewa kowace kusurwar alwatika mai daidaitattun gefuna digiri 60 ce, don haka suka sa 60, sai kyanwar ta zana abin da ya ƙi rufuwa. Suna cikin musu wuta ta ɗauke, batirin ma bai jima ba ya mutu.

Ina tattara wayoyin kwamfutar sai na hangi yarinyar nan da ta yi maganar randa tana tsakar lakwal ita kaɗai, ta zana alwatika da yatsa tana takawa a kan layin, tana tsayawa a kowace kusurwa tana duban yadda jikinta ya juya. Ta dawo ƙafafunta duk ƙura ta ce, "Mushe, in na gama zagayen ina fuskantar inda na fara, ke nan na juya 360, kuma sau uku na juya." Na miƙa mata alli, ta raba a jikin allo ta sami 120. Sai Alhamis ta gaba muka samu wutar gwadawa, kuma alwatikar ta rufu.