"Kawu, kowa fa ya shiga"

Daren Talata na tarar da ɗan yayata a teburin mai shayi a Anguwar Rogo, abokansa sun yi masa rumfa a kan waya, ana nuna masa wata manhaja da ake zuba kuɗi su ninka cikin wata guda. Na ja shi gefe na tambaye shi daga ina ribar take fitowa. Ya ce, "Kawu, kowa fa ya shiga." Jikina ya yi sanyi, don da bakina na faɗi wannan magana a 2016.

Lokacin ina sayar da gwanjo a kasuwar Katako. Shekarar tattalin arziki ya karye, dala ta tashi, kuɗin dila ya fi ƙarfinmu. Sai ga wata harka ta intanet mai alkawarin kashi 30 cikin ɗari duk wata. Na ɗauki biro na lissafa a bayan kwali: naira dubu ɗari za ta haura miliyan biyu a shekara. Na san babu sana'ar da ke ba da haka. Babban Banki ya yi gargaɗi, malamai sun yi ta magana a kan riba. Amma duk dare bayan Isha'i a majalisarmu sai wani ya ɗaga waya ya nuna alat, a yi ta shewa. Wanda bai shiga ba ana ce masa ɗan ƙauye. A cikinsu akwai malamin makaranta, akwai alhajin da ya girme ni nesa ba kusa ba. Wa zan ce wa bai da hankali? Kuma iyali na jiran cefane, ciniki ya tsaya. Har yau ina ganin duk wanda ya zauna a kan bencin nan zai yi abin da na yi. Sai dai lissafin yana aljihuna, kuma ban nuna wa kowa ba. Na zuba jarin dila, na jawo ƙanena ya zuba kuɗin lefensa. A watan Disamba aka rufe cire kuɗi. An ɗaga aurensa, matarsa ta yanzu ba ita ce waccan yarinyar ba.

A 1951 wani masani a Amurka, Solomon Asch, ya nuna wa ɗalibai layuka a kan kati, ya ce su faɗi wanda tsawonsa ya yi daidai da wani. Yaro ma zai gane amsar. Amma ya haɗa baki da sauran mazauna ɗakin su faɗi kuskure da gangan, sai kusan uku cikin huɗu suka bi su aƙalla sau ɗaya. Da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi daidai, bin yawa ya ragu ƙwarai. Wannan ne ke ci mini rai, don bayan asara na gane ba ni kaɗai ke da shakka a majalisar ba. Kowa ya yi shiru yana zaton shi kaɗai ne.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ku samarin yanzu ba ku tsayawa sauraro, kunnenku na kan guruf ɗin WhatsApp. Mu benci ɗaya ya ruɗe mu, ku ɗaruruwa ke tura muku hoton alat tun asuba. To, ka bar majalisar da ba a iya cewa a'a a cikinta. Ko kuwa kada ka bar ta, zama kai kaɗai ma ba lafiya ba ne, kuma su za su ɗauke ka ranar jinya. Ka zauna, ka buɗe baki ka tambayi inda ribar take fitowa, da ƙarfi, kowa ya ji. Idan kuma ka nace sai ka shiga, ka shiga da kuɗinka, kada ka taɓa na ƙaninka.