Yini guda a Hebden Bridge, garin wanduna

Ƙanena da na sauka wurinsa a Manchesta ne ya kawo maganar. Ya ce, "Yaya, tunda Baba a masaƙa ya ƙare ƙuruciyarsa, akwai garin da ya kamata ka gani da idonka." Washegari da hantsi muka hau jirgin ƙasa daga tashar Victoria. Ba mu cika awa guda ba sai ga mu a Hebden Bridge, cikin kwarin kogin Calder, a yammacin Yorkshire.

Abin da ya fara kama ni matsi ne. Tuddai hagu da dama, ƙasan kwarin ɗan siriri, amma a cikinsa aka cusa kogi, da titi, da layin dogo, da hanyar ruwan Rochdale wadda aka haƙa da hannu aka kammala a 1804 don jiragen dakon kaya. Layin dogo ya biyo baya a 1840. Mutanen garin ba su kai dubu biyar ba.

Sunan garin daga wata gadar dutse ya samo asali, wadda aka gina wajajen 1510 a kan rafin Hebden. Siririya ce, an yi ta ne don dawakan fatake masu ɗauke da ƙunshin yadi. Na tsaya a tsakiyarta na dafa dutsen, ga sanyi, ga santsi, yara kuma a ƙasa suna watsa wa agwagi abinci.

Da farko a kan tudu ake saƙa, a ƙauyen Heptonstall, kowa da masaƙarsa ta hannu a ɗaki. Da injin ya zo yana neman ƙarfin ruwa, sai aiki ya gangaro kwari, mutane suka biyo shi. Garin ya shahara da wani yadin auduga mai kauri mai layi-layi, irin na wandon leburori, har aka yi masa laƙabi da garin wanduna.

To ina za a zuba ma'aikata a wurin da babu fili? Nan ne dabarar maginansu ta burge ni. Gini guda mai hawa huɗu ko biyar a jikin gangare, amma gida biyu ne. Hawan ƙasa ƙofarsu na kallon kwari, bayansu jingine da tudu. Hawan sama kuwa ta wani titin daban ake shigarsu, daga can bisa. Maƙwabcinka yana kwana a saman kanka, amma kafin ka kai masa gaisuwa sai ka zagaya ka hau matakala. Na daɗe ina kallon wani layi irin wannan, shanya a rataye, tukwanen furanni a bakin kowace ƙofa.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban masaƙar Nutclough. A 1870 wasu ma'aikatan yadi, da Joseph Greenwood a gaba, suka fara karo-karon 'yan kwabbai suka kafa ƙungiyar gama-kai, wadda daga baya ta mallaki masaƙar. Suka zama su ne ma'aikata, kuma suna da rabo a riba. Haka suka riƙe ta har 1918, lokacin da babbar ƙungiyar gama-kai ta Ingila ta karɓe ta. Ginin yana nan daram, yanzu na'urorin haɗa sauti na gidajen rediyo da talabijin ake ƙerawa a ciki. Ni da na tashi a Kakuri, na ga yadda ciyawa ta cinye harabar masaƙun Kaduna, sai da idona ya kawo ruwa.

Mutanen Hebden Bridge ma sun ga ta kansu. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, matasa suka watse, farashin gidaje ya faɗi warwas. A shekarun 1970 masu zane da marubuta suka shigo saboda arha, aka wanke baƙin hayaƙi daga jikin duwatsu, tsoffin masana'antu suka koma shaguna da gidajen kwana. Gaskiya yanzu abin ya yi tsada, kuma ban tabbata jikan masaƙi zai iya sayen gidan kakansa ba.

Ruwan da ya yi garin shi ke cinsa. A shagon da muka sha shayi, matar ta nuna mana a jikin bango inda ambaliyar 26 ga Disamba 2015 ta kai, ya kusa ƙirjina. Ta ce da an ji jiniya kowa ya san aikinsa, a kwashe kaya a kai sama.

Da la'asar muka hau Heptonstall ta tsohuwar hanyar dutse, numfashi sama-sama. Daga can ana hango hasumiyar Stoodley Pike, da bututun hayaƙin da suka rage a kwari. A nan na kira Baba na ba shi labarin Nutclough. Ya yi shiru, sannan ya ce in maimaita masa maganar rabon ribar, a hankali.