Talata a filin golf: mutum ɗaya, handikaf biyu

Yau Talata ce, ranar da ƙungiyarmu take buga gasarta ta mako-mako a wani filin golf na jama'a da ke bayan garin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa. Kamar yadda aka saba a irin waɗannan gasanni a Amurka, ana haɗuwa ne bayan an tashi daga aiki, a buga ramuka 9 kafin rana ta faɗi, domin cikakken wasa mai ramuka 18 yana cin wajen awa huɗu, kuma ba kowane ma'aikaci yake da wannan sarari a tsakiyar mako ba. Na yi sallar la'asar a gefen wurin ajiye motoci, sannan na karɓi katin maki daga hannun sakataren gasa. Wasan ya tafi lafiya. Abin da ya biyo bayansa ne ya hana ni barci da wuri, har na zauna rubuta wannan.

Akwai wani matashi ɗan Maraɗi, ɗaya daga cikin 'yan Nijar da suka zauna a wannan gari, wanda nake ɗauka tamkar ƙanena, kuma ni na kawo shi ƙungiyar a bana. Yau an haɗa shi da wani dattijo da ya daɗe a cikin gasar. A golf wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci, kuma domin gwani da matsakaicin ɗan wasa su iya karawa ba tare da an san mai nasara tun kafin a fara ba, kowa yana da handikaf, wato adadin bugun da ake rangwanta masa daga jimillar abin da ya buga. Ƙanena ya gama da bugu 45, aka cire masa 9, ya rage 36. Dattijon ya gama da 41, aka cire masa 4, ya rage 37. Da bugu ɗaya tak aka kayar da dattijon. Muna zaune ana haɗa maki sai ya ciro wayarsa, ya buɗe manhajar GHIN, wadda hukumar golf ta Amurka take ajiye handikaf ɗin 'yan wasa a cikinta, ya nuna wa na kusa da shi cewa handikaf ɗin hukuma na yaron 14.2 ne a ramuka 18, kuma rabin wannan, wato na ramuka 9, shi ne 7, to daga ina 9 ta fito? Da 7 aka cire, da shi ne ya ci. Bai furta kalmar maguɗi ba, amma duk wanda yake wurin ya fahimci inda maganar ta dosa.

A hanyarmu ta zuwa mota ƙanena ya ce da ni, cikin ɓacin rai, “Yaya, shin mutumin nan yana nufin na ɓoye ƙwarewata ne don a ƙara mini rangwame?” Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, domin ba shi ya rubuta wa kansa 9 ba, lissafin sakatare ne ya fitar da ita, kuma lambobin biyu duk daidai suke, kowace a muhallinta. Mun tsaya jikin mota har kusan magariba ina warware masa yadda abin yake.

Handikaf ɗin hukuma yana bin tsari guda ne a duk duniya tun daga 2020, lokacin da hukumar golf ta Amurka, USGA, da hukumar R&A da ke garin St Andrews na Sikotilan suka haɗe tsare-tsare shida da ake amfani da su a da, na Amurka, da na Birtaniya da Ayalan, da na nahiyar Turai, da na Ostireliya, da na Afirka ta Kudu, da na Ajantina. A wannan tsari ana duba wasanni 20 na baya-bayan nan da mutum ya shigar, a zaɓi 8 da suka fi kyau, a fitar da matsakaicinsu, a yi watsi da sauran 12. Wannan zaɓe shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Lambar ba ta auna yadda mutum yake wasa a kullum, tana auna abin da yake iya yi ne a ranar da hannunsa ya faɗa daidai. Duk wanda ya yi ɗan lissafi zai ga cewa idan an ɗauki matsakaicin wasanni 8 mafi kyau, to kusan rabinsu ne kawai suka kai wannan matsayi ko suka wuce shi, wato kimanin wasa ɗaya cikin biyar. A sauran ranakun ɗan wasa yana buga sama da abin da lambarsa ta nuna, kuma hakan ba gazawa ba ce, haka aka gina tsarin.

Kuma ba jimillar bugu tsurarta ake shigarwa ba. Kowane fili da aka tantance yana da lambobi biyu a kan katinsa. Ta farko ita ce kimar fili, wato adadin bugun da ake sa ran gwani marar rangwame zai yi a wurin. Ta biyu ita ce lambar tsauri, wadda take nuna yadda filin ya fi wahalar da matsakaicin ɗan wasa fiye da yadda yake wahalar da gwani. Tana kamawa daga 55 zuwa 155, kuma 113 ce ake ɗauka a matsayin daidai-wa-daida. Ana cire kimar fili daga bugun da mutum ya yi, a ninka abin da ya rage da 113, a raba da lambar tsauri. Ta haka bugu 90 a fili mai wuya yana iya fin bugu 86 a fili mai sauƙi daraja. Akwai ma ɗan gyara da ake yi idan iska ko ruwan sama sun sa kowa ya yi wasa marar kyau a ranar. Bayan haka akwai iyaka ga abin da za a rubuta wa mutum a rami guda: ƙa'idar ramin, wato adadin bugun da ake sa ran gwani zai gama ramin da shi, a ƙara bugu biyu, a ƙara rangwamen da yake da shi a wannan rami. Idan ƙa'idar rami bugu 4 ce, kuma ƙanena yana da rangwamen bugu ɗaya a wurin, to ko da ya jefa ƙwallo cikin ruwa sau biyu ya gama da 9, hukuma 7 za ta rubuta masa.

Gasarmu ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sakatare yana ɗaukar wasanni 5 na ƙarshe da mutum ya buga a cikin gasar kaɗai, ya jefar da mafi muni, ya fitar da matsakaicin huɗun da suka rage, ya cire 36 wadda ita ce ƙa'idar ramukan 9, sannan ya ba da kashi 90 cikin ɗari na abin da ya saura. Na karɓi takardar ƙanena na duba: 44, 49, 46, 51, 47. An jefar da 51, matsakaicin sauran ya zama 46.5, an cire 36 ya rage 10.5, kashi 90 na wannan kuwa 9.45 ne, wanda aka mayar 9. Da tsarin hukuma aka bi, da an raba 14.2 biyu, an daidaita da lambar tsaurin ramukan da muke bugawa, wadda take 124, da kimarsu wadda take 35.1, abin da zai ba da 7. Dattijon bai yi kuskuren lissafi ba. Abin da ya kuɓuce masa shi ne cewa lamba ɗaya tana zaɓen wasanni 8 mafi kyau cikin 20, ɗayar kuwa tana riƙe 4 cikin 5, wato kusan duk abin da mutum ya buga, mai kyau da marar kyau.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa a fili. Wasannin da suka gina wa ƙanena 14.2 mafi yawansu na safiyar Asabar ne, bayan ya yi barci ya huta, ya ɗan motsa hannu a wurin atisaye, kuma yana da ramuka 18 da zai gyara abin da ya ɓata a farko. Ranar Talata kuwa daga wurin aiki yake tahowa kai tsaye, wani lokaci yana ɗaura takalmi ana kiran sunansa, kuma kafin jikinsa ya saki an riga an ci ramuka uku. Takardar sakatare ba ta san da wasannin Asabar ba sam. Mutumin Talata kawai ta sani, kuma shi take aunawa.

Ba kullum bambancin yake bin wannan hanya ba. Nawa handikaf ɗin na gasa ya fi na hukuma ƙanƙanta, haka ma na mutane da dama a ƙungiyar, kuma dalilan a bayyane suke. Muna fara bugu ne daga wurin da ya fi kusa da rami, mun san kowane kwari da tudu na waɗannan ramuka 9, kuma idan ƙwallo ta tsaya dab da bakin rami abokin karawa yakan ce a ɗauke ta kawai, alhali wani lokaci irin wannan ɗan gajeren bugu ne yake kuɓucewa. Sannan ga ragin kashi goma cikin ɗari da ake yi wa kowa. Shi ma wannan ragi yana da hujja, domin mai babban handikaf wasansa ya fi hawa da sauka, saboda haka a cikin taron mutane da yawa da wuya a rasa ɗaya daga cikinsu da ranar ta yi masa kyau ƙwarai, ya cinye gasar, masu ƙaramin handikaf su zama 'yan kallo. Tsarin duniya ma ya yarda da haka, shi ya sa yake ba da shawarar kashi 95 idan kowa yana buga wa kansa a gasar ƙidayar bugu, kashi 85 idan mutum biyu-biyu ne ake ɗaukar makin wanda ya fi kyau a kowane rami, da kashi 100 idan mutum biyu ne suke karawa rami bayan rami. Wasu tsofaffin 'yan ƙungiyar ma har yanzu da tsohon lissafin Amurka suke tunani, wanda yake ɗaukar wasanni 10 mafi kyau cikin 20 ya ninka da 0.96, abin da yake ƙara rikita hirar.

Na gaya wa ƙanena cewa abin kamar mudun kasuwa ne da sikeli. Mudun da ake awo da shi a kasuwa ɗaya adalci ne ga duk wanda ya saya ya sayar a cikinta, amma idan za a kai kaya wani gari, sikeli ake nema. Shi ya sa ba na goyon bayan waɗanda suka ce yau ɗin nan a soke handikaf ɗin gasa a koma na hukuma. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyarmu ba su da na hukuma, domin sai mutum ya yi rajista da wani kulob ya biya kuɗin shekara, ya kuma shigar da wasan ramuka 54 aƙalla kafin a ba shi lamba, kuma akwai waɗanda ba sa taɓa sanda sai ranar Talata. Tilasta musu wannan zai kore su ne kawai, alhali don irinsu aka kafa gasar.

Sai dai ƙorafin dattijon bai tashi a banza ba, ko da yake ya ɗora shi a kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma zato zunubi ne. Lissafinmu yana da rauni na gaske, wato saurin motsi. Handikaf ɗin hukuma yana da birki: idan ya haura da fiye da 3.0 sama da mafi ƙanƙantar lambar da mutum ya riƙe a cikin kwanaki 365 da suka wuce, ana rage ƙarin da rabi, kuma ba zai taɓa wuce 5.0 sama da ita ba. Idan kuma mutum ya buga wasan da ya fi lambarsa kyau da 7.0 ko fiye, nan take ake rage masa 1.0, idan ya kai 10.0 a rage 2.0. Namu ba shi da birki ko kaɗan. Wanda ya so zai iya sakin hannu makonni biyu ko uku kafin wasannin ƙarshe na kakar, rangwamensa ya kumbura, ya zo ya kwashe kofi, kuma babu wata doka a takardarmu da za ta kama shi. Wannan yana damuna ƙwarai, domin golf wasa ne da kowa yake ƙidaya wa kansa bugu, babu alƙali a bayansa, kuma da zarar 'yan ƙungiya sun fara duban juna da shakka, daɗin haɗuwar ya tafi.

Abin da zan kai wa sakatare shi ne a faɗaɗa lissafin zuwa wasanni 10 a ɗauki 5 mafi kyau, a sa iyakar bugu a kowane rami irin ta hukuma, kuma a rubuta tsarin a manna shi a inda ake karɓar kati, domin na lura yau cewa yawancinmu ba mu taɓa ganin yadda ake fitar da lambar da muke wasa da ita ba. Na kuma shawarci ƙanena ya riƙa shigar da wasannin Talata a manhajar hukuma matuƙar an buga su bisa doka, tunda daga 2024 ba a jiran sai an sami wasu ramuka 9 a haɗa, ana cike gurbin ne da abin da ake sa ran mai irin lambarsa zai buga.

Bayan sallar isha na zauna na lissafa abin da za a ba shi mako mai zuwa. Bugu 45 na yau zai shiga, 44 kuwa, wanda shi ne mafi tsufa kuma mafi kyau a cikin biyar ɗin, zai fita. Za a jefar da 51 kamar da, a rage 49, 46, 47 da 45, matsakaicinsu 46.75, wanda bayan cire 36 da ɗaukar kashi 90 zai ba da 9.675, wato 10. Yaron ya yi wasan da ya fi huɗu daga cikin biyar ɗinsa kyau, ya ci karawarsa, amma rangwamensa zai ƙaru da bugu ɗaya. Na tura wa sakatare lissafin tun a daren nan, na roƙe shi ya yi wa 'yan ƙungiya bayaninsa da bakinsa kafin a raba kati ranar Talata.