Kwana biyu a Zariya, ba biki ba ta'aziyya

Maman Ummi ce ta fara lura. Wani dare na dawo daga kasuwa bayan isha'i, ina cin tuwo da hannun dama, na hagu kuma riƙe da waya ina amsa wa masu bin bashi da waɗanda nake bi, sai ta ce, "Baban Ummi, yaushe rabonka da ka kwana a wani gari ba don biki ko gaisuwar mutuwa ba?" Na yi ta lissafi har tuwon ya huce, ban samo amsa ba.

Shagona na shadda da atamfa yana kasuwar Sheikh Gumi a Kaduna, gida kuma Unguwar Dosa. Litinin zuwa Asabar hanya ɗaya nake bi, cunkoso ɗaya nake shiga, Lahadi kuwa ta ɗaurin aure ce da dubiya. A tunanina hutu na masu kuɗin jirgi ne. Ita ce ta ce mu je Zariya wajen Baffana, mu kwana biyu, kada mu ɗauki wata hidima.

Zariya fa! Kilomita tamanin ne ko kusa da haka, kuma na je ta fi a ƙirga. Amma duk zuwan da nake yi iri ɗaya ne: a shiga, a yi gaisuwa, a ci shinkafa a tsaitsaye, a juyo kafin magariba. Garin kakannina ne, amma abin da na sani a cikinsa bai wuce ƙofar gidaje uku ba.

Mun tashi ranar Juma'a da la'asar sakaliya, don ni ba na bin wannan hanya da dare, kuma ba na ba kowa shawarar ya bi. Daga Kawo muka miƙe, Rigachikun, Maraban Jos, Jaji, ga shuka ta yi kore shar hagu da dama saboda ƙarshen damina ne, dawa ta fara fitar da kai. Kafin a kira magariba mun wuce Dan Magaji, mun shiga birni ta Ƙofar Doka. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne barin shago ranar Asabar, ranar da ta fi kowace ciniki. Na damƙa wa yarona makulli, na ce kada ya kira ni sai in gobara ce, Allah Ya kiyaye.

Baffa ya tarbe mu a zaure. Ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce, "To, lafiya dai? Wa ya rasu?" Na ce, "Baffa, babu kowa, wajenka muka zo." Ya daɗe yana kallona, daga nan ya ɗaga murya ya ce a shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida. Daren nan mun kai sha ɗaya muna hira, yana ba yara labarin yadda mahaifina yake tafiya makarantar allo da ƙafa daga wannan unguwa zuwa waccan. Shekarata arba'in da uku, ban taɓa jin labarin ba, don ban taɓa zama na tambaya ba.

Washegari bayan azahar ya ce mu bi shi masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau. Na sha yin salla a wurin, amma ban taɓa ɗaga kai na duba ba. Daga waje gini ne na zamani, sai ka shiga ciki ka tarar da tsohon ginin ƙasa wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara 200 ke nan. Ginshiƙai ne manya-manya na ƙasa, daga kansu bakan gizo ya tashi ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan uwansa a sama, babu ƙarfe babu siminti, azara ce kawai a ciki take riƙe da nauyin. Baffa ya kama hannun ɗana ya ɗora a jikin ginshiƙi ya ce, "Ji sanyin." Waje rana na dukan mutum, ciki kuwa kamar an yayyafa ruwa. Na ga zanen da aka yi a jikin ƙasar, layi bisa layi, kuma ni da nake sayar da shadda na gane shi nan take, ɗan uwan aikin da ake yi a wuyan babbar riga ne. Na zauna na jingina da bango, na fi rabin awa ban ce uffan ba. Rabona da irin wannan shiru tun ina yaro.

Da muka fito muka ratsa ta lungunan birni, inda har yanzu za ka ga magidanta a bakin zaure, riga shimfiɗe a cinya, suna ɗinkin hannu da allura. Ɗaya daga cikinsu ya nuna mini aska takwas da ya kusa gamawa. Na tambaye shi tun yaushe ya fara, ya ce tun kafin babbar salla. Ni yadi nake yankawa in miƙa in karɓi kuɗi, ban cika tuna inda yake zuwa ya kwana wata da watanni a hannun wani ba.

Da yamma muka leƙa Samaru, na nuna wa Ummi ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, na gaya mata tun 1962 take nan, ta ce ita likita za ta karanta a ciki. Muka sayi tsire a hanyar dawowa.

Lahadi da sassafe muka nufi Dutsen Kufena ta wajen Wusasa. Tarihin baka yana cewa nan mutanen Zazzau suka zauna bayan sun baro Turunku, kafin a kafa birnin da muka sani, kuma ba a raba wurin da labarin Sarauniya Amina. Ba mu kai ƙololuwa ba, Maman Ummi ta ce gwiwarta ta isa, sai muka zauna a kan wani falalen dutse. Daga nan kana hango gonaki da rufin gidaje da hayaƙin girkin safe yana tashi, ga shaho yana shawagi ƙasa da inda kake zaune. Yara suka yi ta tsalle daga wannan dutse zuwa wancan. In za ku je, ku tafi da wanda ya san wurin, ku riƙe ruwa, ku sauko kafin rana ta take.

Duk abin da na kashe bai wuce kuɗin mai da tsarabar da muka kai wa Baffa ba, sai mazarƙwaila da muka saya wa maƙwabta. Yaron shago bai kira ba ko sau ɗaya, kuma da na duba littafi ranar Litinin cinikin Asabar bai gaza na kullum ba.

Da za mu taho Baffa ya rako mu har bakin mota, abin da bai saba yi ba saboda ƙafarsa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Akwai sauran labarin babanka, ban kai ko rabi ba." Na ce masa bayan an yi girbi za mu dawo in Allah Ya yarda, kuma wannan karon da safiyar Juma'a za mu taso, don yara su ga fitowar Sarki zuwa masallaci.