Kafin a kai sadaki, ku fara ganin Fada

Ƙannena 'yan Katolika masu shirin aure, ku saurari abin da ya same ni.

Da na tashi aure, mun yi na gargajiya, muka je rajista muka sa hannu. Matata Kirista ce daga wata ɗarika. Na ce a raina na coci sai na tara kuɗin biki. Ban shawarci kowa ba.

Bayan shekara 4 ƙanwata ta roƙe ni in tsaya wa ɗanta a baftisma. Katikis, mai koyar da addini a cocin, ya buɗe littafinsa, ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, an ɗaura maka aure a coci?" Na ce a'a. A hankali ya rufe littafin. Ranar na san cewa a idon coci ba ni da aure, kuma Jibin Ubangiji da nake karɓa bai kamata in karɓa ba sai na gyara. Har na isa gida ban iya cewa uffan ba.

Cocinmu na da kundin dokoki, wanda Paparoma John Paul na biyu ya fitar a 1983 ya maye gurbin na 1917, mai ɗauke da dokoki 1,752. Doka ta 1108 ta ce auren ɗan Katolika ba ya tabbata sai a gaban limamin da aka ba izini da shaidu 2. Ku lura, shaidu 2 kawai. Ba ta ambaci anko ko makaɗa ko tukunyar shinkafa ba. Abin da na yi ta jinkirtawa don kuɗi, ashe dokar ba ta taɓa neman sa ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Ta 1124 kuma ta ce auren Kirista na wata ɗarika sai da izinin bishop, ta 1125 kuwa ta ce ni ma sai na yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarina 'ya'yanmu su tashi a Katolika, da sanin matata.

Saboda haka ku je ofishin Fada, limamin cocinku, tun magana tana tsakanin iyaye. Ku nemo sabuwar takardar baftisma daga cocin da aka yi muku, domin a littafin can ake rubuta aurenku. Tawa sai da na yi tafiyar yini zuwa ƙauyenmu. Kada ku ɓoye komai, musamman in ɗayanku ya taɓa aure, don wannan na iya kaiwa kotun coci.

Aurenmu an gyara shi wata Asabar da safe, mu 5 a gaban bagadi. Yaron ƙanwata kuwa wani ne ya tsaya masa.